Idan baƙin rami ya ƙafe, ina bayanin abin da ya haɗiye yake zuwa?

MalaminSakandare:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka yi nisa a fiziks, kuma ina roƙon a ba ni amsa da Hausa ƙarara, don da Hausar nake so in mayar wa yarana.

Fiziks nake koyarwa a aji biyar da aji shida. Manhajarmu ba ta kai ga baƙin rami ba, iyakarta gudun da abu ke buƙata kafin ya kuɓuce wa jan duniya, wato kilomita 11.2 a daƙiƙa. Amma duk shekara in na zo wannan darasi nakan ɗan zarce. Nakan ce musu da za a matse rana har ya rage daga tsakiyarta zuwa bakinta kilomita 3 ne kacal, ko a matse duniyarmu zuwa milimita 9, to ko haske ba zai iya fita ba, wannan shi ne baƙin rami. Sai in zaga da wayata benci-benci su ga hoton nan da aka fitar a Afrilun 2019, na ramin da ke tsakiyar tarin taurari na M87, zoben haske da duhu a tsakiya. Ajin kan yi tsit.

A wannan zangon na ƙara musu da cewa Stephen Hawking ya nuna a 1974 cewa ramin ma ba ya dawwama, yana fitar da tiriri a hankali, yana ramewa har ya ƙare. Wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to abin da ya faɗa ciki fa?" Na ce nauyinsa ya koma zafi ya fita. Ta ce, "Ba nauyin nake nufi ba. In littafi aka jefa, rubutun da ke ciki ina ya tafi?"

Na je na duba, na tarar ashe manyan masana sun yi shekaru suna kai ruwa rana a kan wannan tambaya. Abin da ya ɗaure mini kai biyu ne. Na farko, me ya sa abin ya dame su haka? Ai kullum rubutu yana ɓacewa, takarda ta ƙone, ruwa ya cinye ta, ba wanda ya ce fiziks ya rushe. Na biyu, na karanta cewa Hawking da kansa, wanda a da ya ce bayanin na ɓacewa, ya sallama a 2004, ya ce bayanin ba ya ɓacewa. To in mai ɗaki ya ce ya yarda, gardamar me kuma ake yi har yau?

TsohonLakcara:

Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, ka riƙe ta da kyau. Na yi shekaru ina koyar da fiziks a jami'a kafin in ajiye aiki, kuma ɗalibai ƙalilan ne ke rarrabe nauyin abu da bayaninsa ba tare da an ja musu hannu ba.

Mu fara da ta farkon, don ita ce tushe. Ka san yadda ake wanke allo. Yaro ya haddace darasin jiya, ya karkata allon a kan ƙwarya, ya zuba ruwa ya murza da tafin hannu, baƙaƙen su narke su gangara. Ka ɗauki alluna biyu masu rubutu daban-daban, tawada ɗaya, yawanta ɗaya, ka wanke kowane a ƙwaryarsa. A ido ruwan iri ɗaya ne, baƙi-baƙi. Amma a wurin fiziks ba ɗaya ba ne. Inda kowace ƙwayar tawada take a cikin ruwan da inda ta nufa ya danganta ne da inda take zaune a kan allon tun farko. Rubutun ya watse, ya fi ƙarfin mai karatu, amma bai fita daga duniya ba. A ilimin kwantam, wato fiziks na ƙananan ƙwayoyin halitta, wannan ba ra'ayin wani ba ne, a jikin lissafin yake tun daga lissafin Schrödinger na 1926: idan ka san cikakken halin da abu yake ciki yanzu, hali ɗaya ne tak zai iya zama asalinsa. Mafari biyu mabambanta ba sa taɓa ƙarewa a wuri ɗaya sak. Wannan shi ake nufi da kiyaye bayani, kuma ƙonewar takarda ba ta karya shi ba.

Abin da Hawking ya rubuta a 1976 shi ne baƙin rami yana karya shi. Ka jefa alluna biyun nan a ramuka biyu masu nauyi ɗaya. Daga waje ba abin da ramin ke nunawa sai uku: nauyinsa, juyawarsa, da cajin lantarkinsa. Tiririn da yake fitarwa kuma waɗannan ukun kawai ya sani. Saboda haka bayan ramukan biyu sun ƙafe, abin da ya rage iri ɗaya ne. Ba wai bambancin yana da wuyar gani ba, a'a, babu shi sam.

Ka lura da inda tiririn ke fitowa, don a nan gizo ke saƙar. Ba daga cikin ramin yake ɓulɓulowa ba, ai ba abin da ke fita daga ciki. A daidai bakin iyakar da ba a dawowa yake samuwa, kuma bibbiyu ƙwayoyin suke zuwa: ɗaya ta tsere waje, 'yar'uwarta ta faɗa ciki. Biyun a sarƙe suke irin sarƙewar kwantam. Ma'anarsa, in ka auna ta waje ita kaɗai ba za ka ga tsari ba, sakamakon zai zo maka barkatai. Cikakken bayani yana cikin dangantakar su biyun ne, ba a jikin ko ɗaya ba. Muddin ramin yana nan babu damuwa, muna iya cewa sauran rabin yana ciki. Ranar da ramin ya ƙare fa? Ga tarin ƙwayoyi a waje, kowace a sarƙe da abokiyar da babu ita. Ilimin kwantam ba shi da gurbin da zai ajiye irin wannan hali idan daga cikakken hali aka faro.

Mutane da yawa sun fara kwantar da hankalinsu da cewa ai a daƙiƙar ƙarshe, lokacin da ramin ya zama ɗan mitsitsi, lissafin Hawking ba ya aiki, wata sabuwar doka za ta shigo ta gyara komai. Don Page, wanda ya yi aiki da Hawking kafin ya koma Kanada, shi ya toshe wannan ƙofa a 1993, kuma a ganina aikinsa ne ya mayar da gardamar ta zama lissafi. Tun 1972 zuwa 1973 Jacob Bekenstein ya nuna cewa yawan bayanin da rami zai iya ɓoyewa yana tafiya ne da faɗin fatar iyakarsa, ba da girman cikinsa ba. Ga rami mai nauyin rana adadin ya kai 1 da sifili 77 a gabansa. To ramin yana ramewa, fatar tana raguwa, ma'ajiyar tana tsukewa. A ɗaya gefen kuma lissafin Hawking ya ce sarƙewar da ke tsakanin ramin da tiririnsa sai hawa take yi. Abu ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, dole su haɗu. Page ya nuna suna haɗuwa ne wajen tsakiyar rayuwar ramin, alhali har lokacin ƙato ne, babu wani uzuri na ƙanƙanta. Idan har bayani yana fita, to daga wannan lokaci dole sarƙewar ta juyo ta fara sauka har ta kai sifili. Wannan hawa da saukar ake kira zanen Page. Duk wanda ya ce ya warware matsalar, abin da ake tambayarsa kenan: fito mana da zanen Page daga lissafinka.

Yanzu ta biyun. A 1997 Hawking da Kip Thorne suka sa caca da John Preskill, ba ta kuɗi ba, ta littafi: su biyun sun ce bayani na ɓacewa, shi ya ce yana fita. A ƙarshen wannan shekarar Juan Maldacena, ɗan Ajantina, ya fito da wani abu da ya girgiza fagen. Ya nuna cewa a wani irin sarari na musamman, duk abin da ke faruwa a ciki, har da baƙin rami, ana iya fassara shi kaf zuwa lissafin kwantam na yau da kullum da ke zaune a kan iyakar wannan sarari, inda babu jan nauyi. A wancan lissafin kuwa bayani ba ya ɓacewa. Idan fassarar daidai ce, to a cikin ma bai ɓace ba. Wannan ne ya ja hankalin yawancin masana, kuma a Yulin 2004, a wani taro a birnin Dablin na ƙasar Ailan, Hawking ya ce ya faɗi, ya miƙa wa Preskill kundin wasan besbol. Thorne bai sallama tare da shi ba.

Amma Malam, fiziks ba kotu ba ce da za a ce wanda ake ƙara ya amsa laifi a rufe shari'a. Lissafin 1976 yana nan a rubuce, kuma sallamawar mai shi ba ta nuna layin da kuskuren yake ba. Hujjar Maldacena ta ce "yana fita". Ba ta ce "ga ta inda yake fita" ba.

Injiniya:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayanin ya fita. Amma ni ina ganin ana yi wa ɗaya ɓangaren rashin adalci, kamar duk masu hankali sun koma gefe ɗaya. William Unruh da Robert Wald ba ƙananan mutane ba ne a wannan fage, kuma a 2017 sun rubuta cewa bayanin yana ɓacewa kuma ba wani abin tashin hankali a ciki. Hujjarsu mai sauƙi ce: dokar kiyaye bayani ta ce in ka haɗa duk sassan abu, ba abin da ya ɓace. To cikin ramin ma sashe ne. Abin da ya shiga ya tafi can inda sarari da lokaci suka tuƙe. Wanda ke waje bayan ƙafewar ba duka yake gani ba, saboda haka ba mamaki in lissafinsa bai cika ba. Roger Penrose, da ya samu Nobel a 2020 kan baƙin rami, shi ma ya daɗe a kan cewa yana ɓacewa.

Sannan ni aikina na aune-aune ne, abin da ba a auna ba ina ɗari-ɗari da shi. Har yau ba wanda ya taɓa ganin tiririn Hawking. Rami mai nauyin rana zafinsa kashi 60 ne cikin biliyan na digiri ɗaya a ma'aunin Kelvin, alhali sararin samaniya kansa yana da ɗumin digiri 2.7 da ya rage tun farkon halitta. Wato ramin ya fi abin da ke kewaye da shi sanyi, a yanzu ci yake yi, ba ramewa ba. Ƙafewarsa za ta ɗauki shekaru 1 da sifili 67, sararin samaniyar kuwa duka-duka shekarunsa biliyan 13.8. Abin da aka yi a ɗakin gwaji, kamar na Jeff Steinhauer a Isra'ila a 2016, da sauti aka yi shi a cikin iskar gas mai tsananin sanyi, babu jan nauyi a ciki.

Kuma sararin Maldacena ba namu ba ne. Nasa lanƙwashe yake ta yadda yana da iyaka da haske ke kaiwa ya dawo. Namu faɗaɗa yake yi, kuma tun 1998 aka gano gudun faɗaɗar ma ƙaruwa yake. Ta yaya hukuncin can zai hau kanmu?

ƊalibarFiziks:

Sannunku da ƙoƙari. Baba, a yi mini izini in ɗora daga inda ka tsaya, don a kan wannan nake karatun digiri na biyu.

Yaya Injiniya, maganarka ta aunawa gaskiya ce, ba mai musun ta. Amma barin bayani ya ɓace ba kyauta ba ne. Tun 1984 Banks da Susskind da Peskin suka nuna cewa in ka gyara dokokin kwantam don su yarda da ɓacewar bayani, a mafi yawan hanyoyin gyaran sai dokar kiyaye makamashi ita ma ta tsage. Unruh da Wald sun ba da amsa a kan haka, amma ba su gamsar da yawancin mutane ba. Akwai kuma lissafin Strominger da Vafa na 1996: sun ƙirga halayen cikin wani nau'in baƙin rami ɗaya bayan ɗaya, adadin ya fito daidai da na Bekenstein da Hawking. In adadin nan ƙirge ne na gaske, to ma'ajiyar tana da iyaka, hujjar Page kuma ta kama kowa.

Sai dai kafin a samu sauƙi abin ya ƙara dagulewa. A 2009 Samir Mathur ya tabbatar da cewa 'yan ƙananan gyare-gyare ga lissafin Hawking ba za su wadatar ba. A 2012 kuma mutum huɗu a Santa Barbara ta Amurka, Ahmed Almheiri ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Marolf da Polchinski da Sully, suka matse maganar. A kwantam, ƙwayar da ta sarƙe gaba ɗaya da wata ba za ta iya sarƙewa gaba ɗaya da ta uku ba. To ƙwayar da ta fito bayan tsakiyar rayuwar ramin, in ana so bayani ya fita dole ta sarƙe da tiririn da ya riga ya fita tun da. In kuma ana so bakin ramin ya zama lafiyayyen sarari, yadda Einstein ya ce mai faɗawa ba zai ji komai ba lokacin ƙetare iyakar, dole ta sarƙe da 'yar'uwarta ta ciki. Biyun ba sa haɗuwa. In ka yanke ta cikin, sai makamashi mai yawa ya taru a bakin iyakar, abin da suka kira bangon wuta. Kusan ba wanda ya so wannan sakamako, amma nuna inda ya karkace ya yi wuya.

A watan Mayun 2019 ne aka samu abin da ni nake ganin shi ne ci gaba mafi girma tun bayan Page. Geoffrey Penington shi kaɗai, da kuma Almheiri da Netta Engelhardt da Marolf da Henry Maxfield, suka yi amfani da wata dabarar auna sarƙewa da Ryu da Takayanagi suka faro a 2006, sai ga zanen Page ya fito, ya hau ya sauko a daidai inda ake tsammani. Yadda ya fito ɗin ne abin mamaki. Bayan tsakiyar rayuwar ramin, lissafin da kansa yake cewa wani yanki na cikin ramin, wanda aka sa wa suna tsibiri, a lissafa shi cikin tiririn da ke waje. Kenan 'yar'uwar ta ciki da tsohon tiririn ba abubuwa biyu ba ne masu zaman kansu, ɗaya a rubuce yake a jikin ɗaya. Ka ga ƙwayar ba da biyu ta sarƙe ba. A Nuwamban shekarar wasu rukunoni biyu suka sake samo wannan sakamako kai tsaye daga lissafin jan nauyi, suka gano akwai wasu siffofin sarari da ya kamata a tara cikin jimlar waɗanda lissafin 1976 bai sa ba. Da farko gudummawarsu ba ta taka kara ta karya ba, sai a tsakiyar rayuwar ramin su rinjayi komai.

Inda nake tare da kai, Yaya, shi ne an fi yin waɗannan lissafe-lissafe a sauƙaƙan samfura, wasunsu sarari mai fuska biyu kacal, kuma akwai masana da ke jayayya kan ko tsibirin zai tsaya a irin jan nauyin duniyarmu.

MalaminSakandare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na san yarinyar nan, in na ce mata bayanin yana cikin tiririn, abin da za ta ce shi ne, to a tara tiririn a karanto mata littafin. Zai yiwu? Kuma kai a ranka wane ɓangare ka fi karkata?

TsohonLakcara:

'Yata ƊalibarFiziks ta sauke mini nauyi, Allah ya ba da sa'ar karatu.

Malam, a ƙa'ida zai yiwu, a aikace a'a. Sai an tara tiririn tun daga ƙwayar farko ba tare da an ɓata sarƙewarsa ba, har a wuce tsakiyar rayuwar ramin. Hayden da Preskill sun nuna a 2007 cewa wanda ya riƙe duk wannan tsohon tiriri, in aka jefa sabon abu a ramin, bayaninsa ba ya daɗewa yake dawowa waje. Amma a 2013 Harlow da Hayden suka kawo hujja cewa warware shi, ko da kwamfutar kwantam, zai ci lokacin da ya ninka rayuwar ramin nesa ba kusa ba. Wannan batu na wahalar warwarewa yana daga cikin abin da ake ganin ya sa lissafin Hawking yake da kyau ga duk wani awo da mutum zai iya yi, alhali a can ƙasa bai cika ba.

Ni na karkata ga cewa bayanin yana fita. Dalilina shi ne hanyoyi uku daban-daban, ƙirgen 1996, fassarar 1997 da lissafin 2019, duk wuri ɗaya suka nuna, kuma na ƙarshen ya fito ne daga cikin jan nauyin kansa, wanda a da ake zargi da haɗiye bayanin. Amma ba na yarda da masu cewa an gama. Lissafin 2019 ya ba mu yawan sarƙewar a kowane lokaci, bai ba mu labarin abin da ke faruwa da ƙwaya ɗaya ba, kuma bai faɗa mana ƙarara abin da mai faɗawa tsohon rami zai tarar a bakin iyakar ba. Tambayar Injiniya game da sararinmu mai faɗaɗa ita ma tana nan a buɗe, kuma tambaya ce ta gaske.

Ga abin da zan so ka ba ta ta yi da hannunta, don kada abin ya tsaya a labari. Zafin baƙin rami a ma'aunin Kelvin shi ne kusan 1.2 sau 10 mai ƙarfin 23, a raba da nauyinsa a kilogiram. Ta sa nauyin rana, 2 sau 10 mai ƙarfin 30, za ta samu adadin da Injiniya ya kawo. Ta sa nauyin wata, 7.3 sau 10 mai ƙarfin 22, za ta samu wajen digiri 1.7, har yanzu ƙasa da 2.7. Daga nan ka ce ta nemo nauyin da rami zai kasance kafin ya fara ramewa a yau, sannan ta yi amfani da lissafin gudun kuɓucewa da ka koya musu ta gano girmansa daga tsakiya zuwa baki. Zai fito ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita. In ta kawo maka amsar, ka rubuto mana a nan in ba ta na gaba.